Riwaya

Wata bakwai Fijon Baba na kan duwatsu huɗu
a bayan gidanmu na Mabera.
Kaza ta yi ƙwai a kujerar baya,
ta ƙyanƙyashe, ta kwashe 'ya'yanta ta yi gaba.
Ran Talata muka ja ta da igiya zuwa Buzaye,
Modi na riƙe da sitiyari, yana yi mata ƙarar inji da baki.

Tsohon injin ya fita kamar turmin haƙori,
ya bar rami baƙi da warin ƙonannen mai.
Sabon ya taho daga Kwatano a naɗe da buhu,
ɗan Japan, ƙwaƙwalwarsa a akwatin gwangwani,
jelar wayoyi arba'in da ɗaya na reto,
ba wadda ta taɓa jin sunan Fijo.

Bagudu makanike ya goge hannu a wando:
"Ni nau ya ƙare, ƙarhe ya zamna.
Saura naka, riwaya.
Wagga mota ba ta jin Japananci."

Riwaya suke ce mini.
A zauren karatu kalmar na nufin
wane ya ji daga wane, wane daga wane,
har a dangana da tushe.
To, aikin ke nan.
Ja ta karɓa daga batir,
ta faɗa wa makulli, makulli ya faɗa wa kik.
In mutum ɗaya a tsakani maƙaryaci ne,
hayaƙi za ka gani.

Na kwanta rigingine ƙarƙashin dashbod,
ƙafafu a waje, ranar bazara na gasa su,
ƙwan gwaji a haƙora, gumi na shiga kunne.
Nan na tarar da hannun Baba.
Ga ƙullinsa, murɗa uku zuwa hagu,
yadda yake ɗaure bakin buhun gero.
Ga wayar rediyo da ya yi wa hon gada da ita,
wataƙila a hanyar Illela, wataƙila da dare.
Ga salatif shuɗi da ya zama ƙaro.
Ga fis ɗin fitila naɗe da takardar sigari,
Baba, da ya rantse wa Inna
ya bar taba tun shekarar da aka haife ni.
Na yi dariya har ƙwan ya faɗo mini a ido,
sannan na ɗan jima ban motsa ba.
Modi ya leƙo: "Oga, lahiya?"
Na ce miƙo filaya.

Kwana tara ina yanka, ina feɗewa, ina aurarwa.
Kore mai ratsin fari ta ƙi kowa.
Rawaya biyu kamar tagwaye, ɗaya famfon mai, ɗaya ba ta zuwa ko'ina.
Na rubuta wa kowace suna a guntun kwali
da biron Kulu mai kunun zaƙi.

Ran Alhamis bayan la'asar na murɗa makulli.
Waifa ta tashi tana share gilashi busasshe,
hon ya kwarma ihu, akuya ta tsinke igiya.
Garejin duka ya kwanta da dariya.
Na koma ciki. Waya biyu na sauya wa gida.
Na sake murɗawa.
Ta yi tari. Ta yi shiru.
Sai ta kama,
da wata murya siririya wadda ba tata ba.
Bagudu ya ɗaga sifana sama: "Tat tashi!"

Tsofaffin wayoyin na cikin bokiti,
Modi zai ƙona su ya sayar da jan ƙarfen.
Guda na bari ban taɓa ba:
'yar baƙar da ke hawa zuwa fitilar rufi,
wadda Baba ke ƙirga kuɗin fasinja a ƙarƙashinta.
Ƙullinsa na nan, murɗa uku zuwa hagu.
Na buɗe ƙofa da magariba.
Ta kawo.