Littafin Ɗan Koli a Ƙasar Ayalan

Na bar Kork da asuba, jaka a kafaɗa,
allura, zare, madubi, da ɗan gishiri.
A kasuwar man shanu ganguna sun yi layi
suna jiran jirgin ruwa, ni kuwa na kama hanya.

A Keri duwatsu sun tsoma ƙafa cikin teku.
Ruwan can bai san damina ba, bai san rani ba,
yayyafi ne kullum, kamar ƙunƙunin tsohuwa.
Na kwana gidan Tayig Moriyati, masunci.
Kwalekwalensa zane ne da kwalta, mutum uku ke kifa shi a ka,
in ka hango su daga tudu sai ka ce buzuzu ke tafiya.

A Konemara gona ƙera ta ake yi.
Na ga Nuwala Konili da kwando a baya
tana hawowa da ciyawar teku, tana zubawa kan fa,
ta cakuɗa da rairayi, shekara bakwai,
kafin ta samu kunya huɗu ta dankali.
Allura ɗaya ta saya, ta biya ni da ƙwai biyu,
ta ce zauna, baƙo ba ya wucewa ana dafa tukunya.

Itace babu. Fadama suke yankawa kamar tubali,
su shanya a iska, su jera a murhu.
Hayaƙinta ya kama rigata har yau,
ko na wanke, ƙamshin yana nan kamar jiya.

Mayo ta ɗaure mini harshe.
Ƙauye guda, bango tsaye, jinka babu,
ƙaya ta fito ta inda ake ajiye gado.
Wani tsoho, Fargal Lawel, ya nuna da sanda:
nan su goma suke, shekarar da dankali ya ruɓe,
mai ƙasa ya aiko a karɓi haya,
da bai samu ba ya sa aka cire rufi.
Ban buɗe jakata ba. Wa zan yi wa talla?
Gaba kaɗan na bi titin da mayunwata suka shimfiɗa,
na bi shi, na bi shi, sai ya ƙare a fadama, a tsakiya.

A Donigol na iske ana goge da rawa,
na zaci biki ne, ashe sallama ce.
Ɗan gidan zai haye Amurka da safe,
uwar na rawa, idonta rijiya.
Ta sayi madubin da ya rage mini,
ta cusa masa a aljihu, ta ce
ka riƙa dubawa, fuskar ubanka ce a ciki.

Na juyo kudu jakata sakayau,
takalmi ya huje, ƙwai ɗaya ya fashe a aljihu.
Ribar da na ƙirga a daren ba ta kai sule ba.
Sunayen dai na rubuta, kada ruwa ya wanke su a hanya.