Zaɓen Albasa

Na shigo Legas a bayan tirela,
bisa buhunan da aka ɗoro daga Aliero.
Jaka ɗaya, silifa mai tsinken waya,
da lambar wani kawuna a tafin hannu,
na kira har kuɗina ya ƙare, ba wanda ya amsa.

A Mil Sha Biyu ba a yi wa baƙo sannu da zuwa.
Mai baro ya ce in kauce, ɗan kamasho ya ture ni.
Iya Risikatu ta zage ni da Yarbanci,
na russuna na ce mata na gode,
rumfa ta ɗauke da dariya, ni na zaci wasa.
Daren nan ruwan sama ya same ni a kan kwali,
na ƙirga nisan gida da yatsu, na kasa.

Sallau ne ya tashe ni da ƙafa.
Tsoho mai yatsa tara, goro ya rine masa baki,
shekara talatin yana tsugune wuri ɗaya.
Bai tambayi sunana ba, bai tambayi garinmu ba.
Ya ce, "Juye buhun nan. Zauna a ƙasa."

Ni da ido nake zaɓe: ja, mai sheƙi, ƙatuwa.
Shi babban yatsa yake dannawa a wuya,
ya jefar da wadda na fi yabawa.
"Ruɓa daga wuya take shiga, yaro.
Ɓawo maƙaryaci ne, yana yi wa gawa kwalliya.
Taɓa kafin ka yarda da albasa."

Amma ina da gaggawa.
Ilu da muka zo tare ya riga ya sayi babur.
Ran da na bi motar kaya ta doguwar gada
na ga benaye suna wanka a cikin ruwa,
raina ya ce, kai ma fa, me ya hana?
Sai na cika buhu, masu kyau a baki,
na binne lalatattu can ƙasa,
na sayar wa Iya Risikatu, na ƙara da rantsuwa.
Kafin la'asar ta dawo da shi a ka,
ta zazzage a gaban jama'a,
ƙudaje suka zo shaida daga nesa.

Sallau bai ɗaga murya ba.
Ya kwance lalitarsa ya biya ta.
Kwana uku bai dube ni ba,
na gwammace mari da wannan shirun nasa.
Ran na huɗu yana ɓare goro ya ce,
"Buhu ɗaya ka sayar da riba,
ka ɗora sunanka a kai gyara.
To, nawa za ka biya fansa?"

Shekara shida na biya.
Na koyi ƙirga da Yarbanci, na shiga adashi,
na sayi littafi ina rubuta bashi da dare.
Sau biyu damina ta ruɓar min da jari,
sau biyu na koma dako ban ɓoye fuska ba.
Babur ɗin Ilu hukuma ta kama,
ni kuwa rabin rumfa nake da shi yanzu,
rabi dai, kwanonta ma ya yi tsatsa.

Sallau ya koma Illela bara, gwiwa ta ƙi.
Ban yi kuɗi ba, kada a kai gida labarin ƙarya.
Sai dai jiya Iya Risikatu ta ɗauki buhu huɗu
ba ta kwance bakin ko ɗaya ba,
ta tafi tana mita a kan farashi.
Da dare, in kasuwa ta yi shiru,
nakan kai yatsa wuyan zuciyata in danna,
wani lokacin da tauri,
wani lokacin in tashi in sake juye buhun a ƙasa.