Zaren da Ya Rage

Inna Kuluwa ta sauka a Kejetiya da jaka ɗaya,
ta yi tambaya har ta same ni a Aboabo, bayan masallaci,
inda nake ɗura tsofaffin littattafan masu unguwa cikin kwamfuta.

Ta ce, Wana nake nema.
Shekarar da aka kori baƙi aka loda mu a mota, ni da uwarmu,
shi yana wajen aiki,
mota kuwa ba ta san jira ba.

Na buga Sallau.
Na'ura ta zubo Sallau ɗari biyu da sha ɗaya.
Suna a Kumasi kamar takardar sidi yake,
hannu zuwa hannu har fuskar ta goge.

Na ce, Inna, bar sunan. Su wa ya sani?
Na ɗiga ɗigo a takarda: wannan shi ne.
Ya koyi ɗinki wajen wani gurgu a Alabar.
Ɗigo, na ja zare.
Gidan haya na wata mai goro ne, Mame Adubi.
Ɗigo, zare.
Amininsa direban katako, shi ma nan yake kwana.
Zare biyu kenan.
Sai wa?
Ta daki ƙirji: Sai ni.

Cikin na'ura akwai wata saƙar,
ƙulli dubu tamanin, kowanne riƙe da wani:
wa ya raɗa wa wa suna, wa ya tsaya wa wa a bashi.
Aikin shi ne a ɗora ƙaramar a kan babbar,
yadda tela ke yawo da ƙyalle a kan atamfa
yana neman inda fure zai haɗu da rabinsa.
A gwada nan, bai zauna ba, a ja baya,
a gwada can.
Ba a cewa sai ta dace tsaf,
takarda na mantuwa, tsohuwa ma haka.
Duk zaren da aka rasa sai a ci shi tara,
mai ƙaramar tara shi ke hawa sama.

Wuta ta ɗauke. Muka zauna.
Ta sayi koko, ta riƙe shi har ya huce,
tana ba ni labarin tabon da keken ɗinki ya bar masa a yatsa,
abin da babu gurbinsa a na'urata.

Da fanka ta motsa, ga shi a layin farko:
Kwaku Tela, Asawase.
Gurgu ya zauna a mazauninsa,
mai goro ta zauna, direba ya zauna.
Zare ɗaya ne yake lilo a iska.
Na buɗe hoton shafin.
A gurbin dangi, magatakarda ya rubuta da ajami:
ya ce ba shi da kowa.

Na'ura ta ci wannan tara ɗaya tak.
A lissafinta, rashi ne kaɗan.

Na karanta mata, don ban iya ƙarya da Hausa ba.
Ta daɗe tana kallon allon.
Yana da rai?
Na ce littafin ya tsaya shekara tara da suka wuce.

Ta karɓi birona,
ta bi kan zaren nan daga ɗigonta zuwa nasa,
ta sake bi, ta danna har takarda ta huje.
Ta ninke ta, ta ƙulle a bakin zane.

Wace mota ke zuwa Asawase?
Na ce, Inna, ai da ƙafa ma ana zuwa.