Bencin Deri

Shekara talatin da ɗaya muna kwance ƙarƙashin mota,
ni da Deri, a garejin Suwame,
baƙin mai na ɗigo mana a goshi, bai taɓa tambayar addinin kowa ba.
Yau ya naɗe sufanunsa cikin tsumma.
Gobe da asuba sai motar Nandom.
Ya ce, “Sallau, ka san ɗakina, ka san tarina,
ka san bashin da ke kaina har na sisin ƙarshe,
amma ba ka san bencina ba.”

To, na bi shi.

Lungu ne a Kurofurom, bayan masu gawayi.
Tun daga bakin kwata ƙanshin ya tare mu,
tsami-tsami, kamar kamun da ya yi zuciya.
Rumfar kwano, kwan lantarki guda,
tukwane huɗu baƙi wuluk, kowace ta isa wankan yaro.
Ayuwo ce mai gida. Damtsenta ya fi nawa.
Ta dubi hulata, ta dubi Deri,
ta sa aka goge mini gefen benci da ba a goge wa kowa.

“Nan ba kwalba, ba firji,” in ji Deri.
“Dawa ce aka jiƙa har ta tsira, aka dafa ta kwana biyu.
Na yau daban, na gobe daban.
Kasa kunne.”
Na kasa. Wallahi fiton nan yana magana a ƙwarya,
ƙus-ƙus, kamar tsofaffi a bayan sahu.
Ya tsiyaya wa ƙasa kurɓin farko,
ya ambaci sunan ubansa,
sannan ya sha, ya rufe ido, ya daɗe.

Ni zoɓo aka kawo mini, da citta har tana yaƙushin maƙogwaro,
a kofin roba sabo, da takardar kuɗinsa a gindi.
Sai zabuwa gasassa, daga hannun Bazabarmen bakin titi,
don kada in yi wasiwasin yanka.
Ayuwo ce ta aika. Ban roƙa ba.
Yaji ya sa ni hawaye, aka yi ta dariya,
wani ya miƙo mini dokunu rabi.

Abin da ban zata ba shi ne harshe.
Bafarafare mai gadin banki, Ba'asante direban tirela,
Bamoshe mai tura baro, da wata malamar asibiti da ta tuɓe takalma,
in gardama ta yi zafi kan ƙwallon Kotoko
duk sai su juye Hausa,
Hausar Zango, mai karyayyen ƙugu, mai saurin tafiya.
Na zo baƙo, na tarar da bakina ya riga ni zama.

Ruwa ya sauko kan kwano, rediyo ya shaƙe.
Aka matsa, kafaɗa ta ji kafaɗa.
Ƙwarya ta uku, Deri ya laluba aljihu
ya ajiye mini sufana mai lamba goma sha uku,
wadda na zargi yara bakwai a kanta,
na kori ɗaya.
“Tun shekarar ambaliya take wurina,” ya ce.
“Kullum sai in ce gobe.”

Na so in zage shi. Zabuwa ce a bakina.

Da na ji kiran lisha daga wajen Abuwabo na miƙe.
Bai riƙe ni ba, ban ce ya taso ba.
Ayuwo ta ƙi karɓar kuɗin zoɓo.
Na fito ina tsallake kwata, rigata duk hayaƙi,
ina shirya abin da zan gaya wa Lantana,
ƙarfen nan na bugun cinyata a kowane taki,
ina ƙoƙarin tuna sunan yaron da na kora.