Rijiya Ta Bayar

A Domayo, bayan shagon mai gyaran janareto,
na kwana goma sha ɗaya ina saƙa layuka
don majigi ya san lokacin juya hoto,
ya dakata in manomi ya ɗaga hannu,
ya ci gaba in an gama musu.

Manhajar da ke kunna shi ba tawa ba ce.
Wata mata ce ta rubuta ta,
a garin da harshena bai iya sunansa ba.
Ta rataye lasisi a bakin ƙofa:
ɗauki, gyara, ka sayar ma in ka ga dama,
amma kar ka goge sunan wanda ya riga ka,
kuma ƙofar da ka tarar a buɗe,
ka bar ta yadda ka same ta.

Ban taɓa ganin waƙafi irin wannan ba,
mai shi yana raye, bai ko san Marwa ba.

Mun haska darasin ajiyar albasa a Meskin,
bangon makaranta ya zama allo.
Hotunan na Asta Wabi ne,
ta ɗauke su da wayar da fuskarta ta tsage.
Muryar ta Baffa Barkindo ce,
har tarinsa na minti na bakwai.

Ran Litinin na iske aikin a kasuwa,
cikin memori, sefa dubu biyu.
Sanda ya sa masa kwaɗo, ya sa tambarinsa,
ya share sunan matar, ya share nawa.
Tarin ne kawai ya gagare shi.

Na ce, Sanda, rijiya ta bayar, guga ya hana?
Ya ce, ai kyauta ce, wa ke bin kyauta bashi?
Na ce ba cinikin ne laifi ba, kwaɗon ne.
Ya yi dariya, ya miƙo min shayi.
Na sha. Ɗan ƙanwar babata ne.

Da dare tambayar ta koma kaina.
Layukana, 'ya'yan manhajar ne, su gaji sharaɗinta,
ko baƙi ne da ta ba masauki?
Wanda ya ari tukunya, miyar ta zama ta mai tukunya?
Asta kuwa, wa ya tambaye ta?
Ni ma ban tambaya ba.
Na ɗauki hotunanta kamar yadda ake ɗiban wuta a maƙwabta.

Da safe na tsallaka Mayo Kaliyawo, busasshe,
da takarda da biro a aljihu.
Ta karanta sau biyu, ta ce:
manoma su kalla, su ba na gaba,
sunana ya zauna a ƙasan kowane hoto,
amma wanda zai sayar, ya zo ya same ni.

Baffa Barkindo ya ce shi bai san lasisi ba.
A bar masa tarinsa, in ji shi,
ko jikoki sa gane shi.