Suna Biyu a Kan Dinari

Jiya barci ya ƙi ni a Ƙofar Sauri.
Na jawo littafin tarihin da gara ta ci wa gefe,
na iske halifan Bagadaza zaune,
baƙar alkyabba, hatimi a yatsa,
mabuɗin fadarsa kuwa yana rataye a ƙugun Baturke.

Kakanninsa suka sayo su,
yara gwanayen baka daga ƙetaren kogi,
don su tsare ƙofa.
Sun tsare ta, har mai gida
ba ya fita sai ya nemi izini.

Ran Juma'a liman ya ambaci halifa,
ya haɗiye yawu, ya ambaci sarkin Turkawa.
Maƙeri ya buga dinari, suna biyu.
Sarki ya faɗi ya sumbaci ƙasa,
a yafa masa riga, a naɗa masa rawani,
ya miƙe, ya yanka wa wanda ya naɗa shi kuɗin cefane.

Nan na rufe littafin.
Zailani ya faɗo mini a rai.

Shekara goma sha tara ke nan
da na ɗauko shi daga Mashi,
ba shi da komai sai tocila da gora,
yana kwana a bakin sitona na gero.
Yau allon shago da sunana,
rasit da hatimina,
amma in manajan banki ya bugo waya
aljihun Zailani ke ruri.

Kullum da hantsi yakan zo,
ya tuɓe takalmi tun daga zaure,
ya durƙusa har ƙasa:
"Baba, a sa mana albarka a nan."
Ya nuna layin da ɗan yatsa.
In sa hannu. Ban cika karantawa ba.

Kada ku ce ya cuce ni.
Ran da ɓarayi suka tare motarmu a hanyar Jibiya
ba sunana ya kore su ba.
Dillalai kuma ba sa ba shi bashin buhu guda
sai sun ga wannan karkataccen sa hannu nawa.

An ce ba a sarki biyu a gari ɗaya.
Wanda ya faɗa bai leƙa Bagadaza ba,
bai kuma zo shagona ba.

Ga sallamarsa can a zaure.
Ladidi, ina kika ajiye mini biro?