Inci Bakwai

Bayan la'asar Jelani ya iso Buzaye,
a-kori-kurarsa na warin albasar Goronyo.
Ya sauke sifika mai faɗin faifai,
ya ce, kafinta, yi mata ɗaki.

Na ce, ɗaki a ina?
Kan motar nan ko ɗan akuya sai ya naɗe ƙafa.
Na tura kujera, na zura abin awo:
inci bakwai a ƙasa,
huɗu a sama, inda ƙarfe ya karkato.
Ga jak, ga galan, ga darduma,
ga igiyar ɗaurin buhu,
kowa ya riga ya kama wurinsa.

Ganga ba ta faɗa sai da fili a cikinta.
Matse sifika, ka ji tari maimakon gurnani.

Na ce mu kai ta baya wurin kaya.
Ya ce rana ta gasa, buhu ya danne.
Na ce to tsakiya, kusa da giya.
Ya ce a'a, bayan kujerar fasinja,
kuma ta manne da kujerar,
kada ka bar tsakani ko na yatsa.

Na ce a raina, yaran zamani!
So yake a ji shi tun daga Kwannawa
kafin a ga ƙeyarsa a Mabera.

Na yanka kwalin sabulu na gwada siffa,
sau uku ƙofa na ƙin rufuwa.
A na huɗu ya fito kamar bakin gatari,
kauri a ƙasa, sama siriri.
Abin da zurfi ya hana ni, faɗi ya biya.
Zarto, gam, kusoshi ashirin da huɗu,
na bi kowace kafa na toshe,
don iskar da ta ga ƙofa fito take yi.
Maganaɗisu ya tokari bayan akwati,
na zagi kaina, na ƙara zoben katako.
Ɗan'ige ya ja waya daga batir,
ya ɗaura fis, ya kankare fenti.
Jak ya yi ƙaura, darduma ta hau sama.

Kujera ta matso gaba rami biyu.
Na ce mai zama nan gwiwarsa za ta faɗa masa.
Ya ce, gajere ne.

Da safe ya dawo da gajeren:
tsoho, hula ta sha wanki, ido garau.
Na gaishe shi, bai amsa ba.
Na ƙara, ya dubi bakina.
Jelani ya ce, babana ne, Modi.
Shekara talatin yana wa mahauta kalangu,
shekara tara ke nan kunne ya rufe.

Ya zaunar da shi, ya jingina bayansa,
ya murɗa.

Madubi ya ɗauki rawa,
ƙwayar goro ta yi tsalle a kan gaban mota,
ƙurar zarto ta tashi daga tabarmar ƙafa.
Tsoho shiru.
Sai kafaɗa ta motsa.
Sai hammata ta matse abin da babu,
ta saki, ta matse,
yatsu suka sami gwiwa suka fara.

Ɗan'ige ya bar wayar da ke hannunsa.
Ni kuwa na shiga neman fensir
alhali yana bayan kunnena.

Can tsoho ya ɗaga murya,
irin ta wanda bai san ƙarfinta ba:
Wanga makaɗi gaggawa garai!
Wa ya koya mai?

Na karɓi kuɗina cif, ba zan yi ƙarya ba,
har da albasa rabin kwando.
Amma da ya tada mota na ce dakata.
Na zura yatsa bayan kujera,
ya shige.
Na koma shago na fere ɗan falanki,
na cusa ƙarƙashin akwatin
har sai da yatsan ya ƙi shiga.